Alhaji, ƙungiyar WTO bata mutu ba, kotunta aka rufe

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na ga tambayarka tun daren jiya amma ban so in amsa a tsaitsaye ba saboda maganar tana da tsawo. Kace yaron wajenka ya karanto maka wai ƙungiyar cinikin duniya WTO ta mutu, Amurka ta kashe ta, kuma kana so ka san ko gaskiya ne, in ma gaskiya ne meye ruwan wanda ke saida shinkafa da riɗi da zoɓo a titin Shara Mansur na Makka da wata ƙungiya dake can birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, sannan ka ƙara da cewa ai 'yar Najeriya ce ke shugabancinta, me ya hana ta gyara. Toh ni dai abinda na karanta kenan, dokar kasuwanci tsakanin ƙasashe, kuma sama da shekara 20 ina aikin fitar da kaya a mina ta Jidda, wato tashar jiragen ruwa, takardun jumruk, wato kwastam, su ne abincina, dan haka zan faɗa maka yadda na fahimci abin daga littafi da kuma daga bakin ruwa.

Bata mutu ba. Ofishinta na nan, ƙasashe 166 ne a ciki, ana taro ana shan shayi ana rubuta rahoto. Amma abinda ya sa ake jin tsoronta a da, wato kotu, shi aka kashe, kuma wanda ya kashe shi shine wanda ya fi kowa hannu wajen gina shi tun farko.

Bari in fara da abinda ka sani. Duk lokacin da hawiyarka, wato kwantenar kayanka, ta sauka aka buɗe takardar bayanin kaya ta jumruk, akwai lambar kaya akwai kuɗin fito a gabanta, yawancin kaya a ƙasashen Khalij, wato Saudiyya da maƙwabtanta Larabawan yankin Gulf, kashi 5 cikin 100 ne tun 2003 da suka haɗe jumruk ɗinsu, wasu kayan abinci ma ba'a karɓar komai. Ka taɓa tambayar kanka me yasa baka kwana da fargabar gobe ma'aikaci zai ce kashi 60 ne? Dalilin shine lokacin da Saudiyya ta shiga WTO ranar 11 ga Disamba 2005, bayan shekara 12 ana ciniki da ita, ta rubuta alkawari kaya bayan kaya cewa kuɗin fito ba zai wuce kaza ba. Kamar rufin ɗaki ne, kana iya zama ƙasa dashi amma baka fasa shi. Ka tuna a 2020 lokacin korona da man fetur ya faɗi, aka ƙara kuɗin fito akan kaya masu yawa a watan Yuni, jim kaɗan kafin dariba, wato harajin VAT, ta tashi daga kashi 5 zuwa 15? Mu a mina mun sha wahalar lissafi a lokacin wallahi, amma abinda mutane basu lura dashi ba shine ƙarin ya tsaya ne a wancan rufin da aka yi alkawari. Wannan shine ginshiƙi na ɗaya. Na biyu kuwa, mudu ɗaya ake aunawa kowa. In ka saukakawa Faransa akan wani kaya toh dole ka saukakawa Nijar da Bangaladash daidai da haka, sai dai in akwai yarjejeniya ta musamman irin ta yanki. Na uku shine in wani ya saɓa akwai inda zaka kai ƙara. Shikenan, duk tarin takardun da ke Janiba akan abu ukun nan suke zaune.

Kuma ba dan son juna aka yi ba, wuya ce ta koya musu. A 1930 Amurka ta ɗaga kuɗin fito akan dubban kaya, sauran ƙasashe suka rama, ciniki ya durƙushe, talauci ya ƙaru, abin yana cikin abubuwan da suka share hanyar yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙin, a 1947, ƙasashe 23 suka sa hannu a yarjejeniyar kuɗin fito da ciniki da ake kira GATT, aka yi ta faɗaɗa ta har aka zo Marrakesh ta Maroko a Afrilun 1994 aka amince a kafa WTO, ta fara aiki 1 ga Janairu 1995. Najeriya tana ciki tun ranar farko.

Yanzu kotun, anan nake so ka tsaya dani sosai dan nan ne ciwon yake. A zamanin GATT in aka yanke hukunci akan ƙasa tana iya cewa ban yarda ba, magana ta mutu. A 1995 aka juya abin, hukunci yana zama dole sai dai in kowa da kowa har wanda yayi nasara ya yarda a watsar, wanda ka san ba zai faru ba. Hawa biyu ne, kwamitin farko ya saurara ya yanke, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa majalisar alƙalai 7, kowace shari'a mutum 3 ke zama akanta, kowane alƙali shekara 4 ana iya sabunta masa sau ɗaya. Kuma abin yayi aiki Alhaji, ba labari bane. Hukuncin farko da wannan majalisa ta yanke a 1996 akan Amurka ya faɗa, Benezuwela da Barazil ne suka kai ta ƙara akan yadda take nunawa man fetur ɗinsu bambanci, kuma Amurka ta gyara dokarta. Kosta Rika, ƙasa 'yar mitsitsiya, ta kada Amurka akan kayan sawa. Barazil ta kai ƙara a 2002 akan tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, ta ci, har Amurka ta koma tana biyan dala miliyan 147 duk shekara daga 2010, a 2014 ta biya miliyan 300 aka rufe maganar. Ƙararraki sama da 600 aka shigar tun kafuwar ƙungiyar. A tarihin duniya da wuya ka nuna wani wuri da mai ƙaramin ƙarfi ke jan mai babban ƙarfi gaban alƙali kuma ya biya, shi yasa nake jin zafin abinda ya biyo baya.

Naɗin alƙalan nan sai da yardar kowa. Amurka ta fara da ƙin sabuntawa wani alƙali ɗan Koriya ta Kudu a 2016, lokacin ma Obama ne ke mulki, ka riƙe wannan dan masu cewa Trump ne kaɗai. Daga 2017 ta toshe duk wani sabon naɗi, wa'adin alƙalai yana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba'a maye gurbinsu, har ranar 11 ga Disamba 2019 aka wayi gari saura mutum ɗaya, shari'a kuma bata zama sai da 3. Biden ya zo yayi shekara 4 bai buɗe ba. Yanzu kujerun nan 7 duk babu kowa akai.

Me Amurka ke cewa? Tace doka ta ba alƙalan kwana 90 su yanke hukunci suna wucewa, tace suna ƙirƙirar doka maimakon su fassara wadda aka sa wa hannu, suna ɗaukar hukuncinsu na baya kamar nassi, kuma sun ɗaure mata hannu wajen kare masana'antunta daga kayan da ake zubarwa a kasuwarta da araha, musamman wani hukunci na 2011 da ya wahalar da ita wajen ɗaukar kamfanonin gwamnatin Sin a matsayin hannun gwamnati. Ni a fahimtata wasu daga cikin ƙorafin nan suna da ƙamshin gaskiya, na karanta hukunce-hukuncen da zaka ga alƙalan sun shiga abinda ba'a tambaye su ba. Amma in alƙalin kasuwa yayi kuskure gyara ake, a zauna a sake rubuta masa iyaka, ba'a kulle ɗakin shari'a a sa makulli a aljihu. Ƙasashe sama da 120 sun yi ta kawo buƙatar a fara naɗi kusan duk zaman wata, amsar ɗaya ce, a'a.

Toh ga inda abin ya ƙara lalacewa. Haƙƙin ɗaukaka ƙara yana nan a rubuce, kotun ce babu. Yani in kwamitin farko ya kada ka sai kawai ka rubuta takarda kace na ɗaukaka ƙara, hukunci ya rataye, ba mai saurare har illa masha Allahu. A 2018 Amurka ta sa kashi 25 akan ƙarfe da kashi 10 akan alminiyam tace wai tsaron ƙasa ne, har akan ƙawayenta irin Kanada da Turai, kwamiti ya yanke a Disamba 2022 cewa wannan ba hujjar tsaro bace, ta ɗaukaka ƙara zuwa ɗakin da ita ta kulle. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi kenan. Kuma da sauran suka ga ƙofa a buɗe suka bi, Indonesiya ta yi haka da aka kada ta akan hana fitar da ma'adinin nikel, Indiya ta yi haka akan tallafin sukari. Har ƙasar nan da muke zaune ta ɗanɗana, Katar ta kai Saudiyya ƙara akan haƙƙin nuna wasanni a talabijin lokacin rikicin Khalij, kwamiti ya fitar da rahoto a Yuni 2020, aka ɗaukaka ƙara, maganar bata warware a Janiba ba sai da ƙasashen Khalij suka yi sulhu a garin Al-Ula na Saudiyya a Janairu 2021 sannan daga baya aka janye ta. Alhamdulillahi 'yan'uwa ne kuma sun sasanta. Amma ka tambayi kanka, in tsakanin Nijar ne da Amurka, ko Chadi da Tarayyar Turai, wane Al-Ula za'a je? Wasu ƙasashe sun haɗa wata 'yar kotun wucin gadi tsakaninsu a 2020, Turai da Sin da Barazil da Kanada suna ciki, Japan ta shiga daga baya, maƙwabciyarmu Benin ma na ciki, amma Amurka da Indiya basa ciki, kaga rabin magani ne.

Ciwo na biyu ya girmi na kotun, shine an kasa rubuta sabuwar doka. A Nuwamba 2001 aka buɗe zagayen tattaunawa a Doha, nan kusa damu, aka sa masa suna zagayen cigaba, aka yi wa ƙasashe matalauta alkawarin wannan karon za'a taɓa tallafin noma da masu kuɗi ke zubawa manomansu. Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka tashi a 2003 suka ce manomin audugarmu da fartanya yake noma kuma ya fi na Amurka arha, amma tallafi yasa farashin duniya ya faɗi ƙasa, a cire. Taron Kankun na Meziko a wannan shekarar ya watse ba'a cimma komai ba. A Yuli 2008 an kusa, sai Amurka da Indiya suka rabu akan yadda ƙasa zata kare ƙananan manomanta in kayan waje suka yi mata ambaliya, daga nan Doha bata sake tashi da ƙafarta ba. Abinda aka iya tsinta kaɗan ne, yarjejeniyar sauƙaƙa fitar da kaya a jumruk ta Bali a 2013 wadda ta fara aiki 2017, irin abinda take nema shine ka shigar da takardunka ta taga ɗaya kamar yadda muke yi yanzu a Fasah, shafin jumruk na Saudiyya a intanet, maimakon yawo ofis ofis da fayil a hammata, sai hana tallafin fitar da amfanin gona a Nairobi 2015, sai ta tallafin kamun kifi a 2022 wadda sai Satumba 2025 ta samu isassun sa hannu. A shekara 30 kenan fa. Dalili kuwa komai sai kowa ya yarda, ƙasa ɗaya cikin 166 ta ɗaga hannu magana ta tsaya, kuma ba Amurka kaɗai ke amfani da wannan ba, a taron Abu Dhabi na 2024 Indiya da Afirka ta Kudu ne suka tare wata yarjejeniyar sauƙaƙa zuba jari da ƙasashe sama da 120 suka amince da ita, yawancinsu ma masu tasowa.

Sai maganar Sin, wadda in ba'a faɗe ta ba an yi rashin adalci. Ta shiga a Disamba 2001, masu kuɗi suna tunanin zata koma irin tasu kasuwar, bata koma ba, gwamnati ta cigaba da riƙe bankuna da manyan kamfanoni tana basu bashi mai sauƙi da fili da wuta, yau fiye da rabin ƙarfen duniya a can ake narka shi. Dokokin 1994 ba'a rubuta su da irin wannan ƙasa a zuciya ba, kuma an kasa sabunta su. Mu ma ai mun gani da idonmu, daga 1 ga Janairu 2005 da aka cire ƙayyade yawan tufafin da ƙasa zata fitar, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙun Kaduna da Kano da dama rashin wuta da fasa ƙwauri sun riga sun kwantar dasu, wannan ya ƙarasa su. Dan haka in ma'aikacin masana'anta a Amurka yace tsarin nan ya cuce shi na fahimce shi sarai, ɗan'uwansa na masaƙun Kakuri a Kaduna ya riga shi kuka. Sai a Satumba 2025 Sin ta sanar cewa ba zata ƙara neman rangwamen da ake yiwa ƙasashe masu tasowa a sabbin yarjejeniyoyi ba, abu ne mai kyau amma ya zo a makare.

Abinda yaronka ya karanta ina jin akan 2 ga Afrilu 2025 ne, ranar da Trump ya ɗaga allo ya karantawa kowace ƙasa nata kuɗin fiton, mafi ƙaranci kashi 10 wanda shi aka sawa Saudiyya, Najeriya 14, Lesotho ƙasar da bata kai mutum miliyan 3 ba aka rubuta mata 50, tsakaninsa da Sin kuwa aka yi ta ƙari har ya kai 145 ita ta rama da 125 kafin su sassauta a watan Mayu. Wannan allo ya fasa rufin alkawari ya kuma fasa mudu ɗaya a rana guda. Amma wallahi ba allon ne yafi tada min hankali ba, abinda ya biyo baya ne. Maimakon ƙasashe su haɗa kai su ce doka zamu bi, sai kowa ya ɗauki jakarsa ya nufi Washinton shi kaɗai yana neman ragi, Turai da Japan suka karɓi 15 suna godiya, kowa tasa ta fishshe shi. Wanda ke da abin bayarwa ya samu sauƙi, wanda bashi da komai ya tsaya a layi. Kashin dankali kenan, babba a kan ƙarami, kuma daga irin wannan kasuwar ce aka gudu a 1947.

Toh meye ruwanka a Shara Mansur. Ka tuna Yuli 2023 da Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, wata ɗaya bayan nan ta sa ƙa'idar ba za'a fitar da basmati ƙasa da dala 1200 kan tan ba, a Disamba kuma ta hana fitar da albasa? Indiya ita ke da kusan kashi 40 na shinkafar da ake fitarwa a duniya, kuma kabsa da mandi, dafaffiyar shinkafa da naman da ake ci a ƙasar nan, mafi yawa shinkafarta ce. Ina da wani abokin hulɗa da ya riga ya tura kuɗin kafin alƙalami, mai kayan a can ya bugo yace doka ta canza, ko ka ƙara ko ka jira, haka kuɗinsa suka kwanta watanni. Dokar WTO ta yarda ƙasa ta hana fitar da abinci na ɗan lokaci in tana tsoron ƙaranci, amma da sharaɗin ta sanar kuma ta duba halin masu saye, waɗannan sharuɗɗan dama raunana ne, ƙasashe masu sayen abinci sun daɗe suna roƙon a ƙarfafa su, abinda aka iya samu a 2022 shine kawai kar a hana hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sayen na agaji. Ƙasa irin Saudiyya da ta rage noman alkama dan ruwan ƙasa na ƙarewa, mafi yawan abincinta ta jirgin ruwa yake zuwa, ita tafi kowa buƙatar doka mai haƙori, ina ganin shi yasa da ta shugabanci G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a 2020 ta kawo shirin Riyad na gyaran ƙungiyar.

In kana so ka ga yadda rayuwa take ba tare da wannan inuwa ba ka dubi 'yan'uwanmu na Sudan. Sudan ta nemi shiga tun 1994 har yau bata shiga ba, ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya tsayar da komai. Riɗin Gadarif da Hausawan can ke nomawa, da ƙaron Kurdufan da duniya ke sawa a lemon kwalba da magani, da tumakin da ake lodowa daga Sawakin zuwa nan lokacin layya, duk wanda ya saya yana saye ne dan yana so, ba dan dokar WTO ta tilasta masa ya auna musu da mudun kowa ba. A Oktoba 2019 da cutar dabbobi ta ɓulla aka dakatar da shigo da dabbobinsu, wannan daidai ne, lafiyar mutane ce, ba mai jayayya. Bambancin shine mamba yana da haƙƙin yace a nuna min hujjar kimiyya, a ware yankin da cutar take a bar sauran, wanda ba mamba ba sai dai roƙo da diflomasiyya. Tsoro na shine in aka cigaba a haka duk ƙananan ƙasashe zasu koma matsayin Sudan ko da sunansu na cikin rajista.

Kuma kar ka ɗauka ina wanke namu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 duk da alkawarin ECOWAS, bayan ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar Afirka da 'yan makonni, 'yan kasuwar Maraɗi da Kwanni da Jibiya sun san abinda suka gani. Laifi tudu ne. Turai ta hana waken Najeriya shiga tun 2015 saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu, wannan ba zaluncin kowa bane, mu ne bamu gyara ba. Ko lokacin da kotun ke aiki ma ƙasashen Afirka da ƙyar suke kai ƙara saboda tsadar lauyoyi da tsoron masu basu tallafi. Tsarin bai taɓa yi mana cikakken adalci ba, manomin auduga a Chadi yana jira tun 2003. Duk da haka in aka bani zaɓi tsakanin doka mai gibi da babu doka sam zan ɗauki mai gibin, saboda mai ƙarfi baya buƙatar alƙali, mu ne ke buƙata.

Maganar Dakta Ngozi Okonjo-Iweala kuwa, mutane suna ɗora mata abinda ba nata ba. Ta hau a 1 ga Maris 2021, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko, bayan gwamnatin Trump ta farko ta tare naɗinta a Oktoba 2020 sai da Biden ya zo aka saki, a wancan zaɓen ma Saudiyya ta tsayar da nata ɗan takarar, Muhammad Al-Tuwaijiri. An sabunta mata wa'adi na biyu. Amma kujerar bata da sanda, bata naɗa alƙalan ɗaukaka ƙara, bata hukunta ƙasa, bata rubuta doka, aikinta ta tara mutane a ɗaki ta hana su tashi sai sun yarda, kuma ta yi hakan a 2022 akan kifi. Ita da kanta ta faɗa a 2025 cewa kimanin kashi 72 na cinikin kaya a duniya har yanzu akan mudu ɗayan nan yake gudana, ya sauko daga wajen 80. Ni ina karanta lambar nan ta fuska biyu, gini bai rushe ba tunda yawancin ƙasashe tsakaninsu suna mutunta alkawari, hawiyarka daga Pakistan ko Tailan tana shigowa kamar jiya, amma kashi 8 a ɗan ƙanƙanin lokaci ba ƙaramin zubewa bane.

Abinda nake hange a wajenmu shine kayan Sin da aka tsaurarawa a Amurka zasu nemi wata kasuwa, Khalij da Afirka na cikin inda zasu sauka, zaka ga araha a kayan gida da tufafi da kayan wuta, kar ka cika sito dasu da tunanin farashin zai tsaya, yana iya ƙara faɗuwa, kuma hukuma na iya sa musu harajin kariya dare ɗaya kaya na kan ruwa. Duk odar da zaka yi yanzu a duba lambar kayan da kuɗin fitonta a ranar, kar a dogara da na bara. A rubuta cikin yarjejeniya wa zai ɗauki asara in ƙasar mai kaya ta hana fitarwa ko ta canza doka bayan ka biya, kuma kuɗin kafin alƙalami ya dawo cikin kwana nawa, yawancin mutanenmu da waya da amana suke ciniki, amana tana da kyau amma Alƙur'ani ma cewa yayi a rubuta. Shinkafa kar ta zama daga ƙasa ɗaya, ka riƙe mutum a Pakistan ko da kaɗan kake ɗauka a wajensa. Riɗi da zoɓon da kake kawowa daga gida kuwa a gwada su a ɗakin gwaji tun can kafin a loda, takardar shaidar asalin kaya da ta lafiyar tsiro su zama sunan da ke kansu ya dace da na fatura, wato takardar farashin kayan, harafi da harafi, dan a irin wannan lokacin kowace ƙasa tana tsaurara bincike kuma kuɗin ardiyya, wato na zaman kaya a mina, baya jiran kowa. In Allah ya kaimu Asabar zan shigo Makka, ka ajiye min takardun odar shinkafar nan ta ƙarshe da kwafin yarjejeniyar in duba su, a gaida Hajiya da yara.